Wasiƙar Kofur Nomau

Ranar Laraba, bayan an dawo daga tara,
an ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
ɗalibai saba'in da huɗu a aji ɗaya a Gwammaja.
Na rubuta Yaƙin Duniya na Biyu
da guntun allin da ya rage mini.
Littafin manhaja layi uku ya ba mu:
an ɗebi sojoji, sun je Bama, an ci nasara.
Ko sunan mutum ɗaya babu.

Sai na buɗe gwangwanin alewa
da Sahura ta aro daga ɗakin kakarta a Yakasai,
bisa sharaɗin ya koma kafin la'asar.
Lambar tagulla, maɓalli ɗaya,
da takarda mai ninki huɗu, ta yi launin shayi,
gara ta ɗanɗani gefenta.

Ajami ne.
Digirina bai kai nan ba.
Tasi'u na bencin baya,
wanda ba na jin muryarsa sai wajen kiran suna,
ya miƙe, ya goge tafinsa a wando,
ya karɓa kamar an miƙa masa jariri.

"Daga Kofur Nomau zuwa ga yayana Ɗangwaggo.
Gaisuwa mai yawa. Bayan haka,
ruwa a nan ba ya ɗaukewa, wata uku ke nan.
Matsattsaku sun fi harsashi samun mu.
Kaya a ka muke yini cikin kurmi,
rana ba ta taɓa ƙasa.
Sule biyun Ilu mai goro, ka biya shi,
kada in tafi da su a wuya.
Ko an yaye Barira?"

Nan ya tsaya.
Layi biyu an bi su da baƙar tawada,
an danne har takardar ta kumbura.

"Malam, wa ya shafe?"
Na ce akwai mai wannan aikin,
ya karanta wasiƙa kafin mai ita.
"To me ya ce a wurin?"
Na ce ban sani ba.
Shekara goma sha tara ina riƙe da alli,
yau na fara faɗin haka a gaban aji.

Suka ɗaga ta a taga, suka cusa kawuna.
Wutsiyar harafi ɗaya ta leƙo daga ƙarƙashin baƙin.
Tasi'u ya ce ko lam ce, ko nun.
Mudi ya ce sunan gari ne.
Uwani ta ce a'a, ƙidayar gawa ce.
Wani ya ce ya aka yi muka san shi ya rubuta,
ba faɗa ya yi wani ya rubuta masa ba?
Da kwana uku nake shirin yi musu wannan tambaya.

Nkemdi, 'yar Sabon Gari, ba ta ɗaga hannu ba.
Ta ce kakanta yana da littafi na lokacin basasa,
shafi shida babu a tsakiya,
kuma shi ya yage su da hannunsa.
Ajin ya yi tsit,
har muna jin mai rake yana kira a bakin ƙofa.

Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya ruga.
Sahura tana mayar da ninkin yadda ta same shi,
ta ce, "Barirar nan ita ce kakata.
Lambar ce ta dawo. Shi ba ta san fuskarsa ba."

Na san jarrabawa ba za ta tambayi wannan ba.
Shekara za ta nema, da sunayen manya.
Duk da haka na ce kowa ya je gida
ya tambayi tsohon gidansu abin da ke cikin gwangwani.

Da yamma, a adaidaita sahu, cunkoso a Ƙofar Mazugal,
alli bai fita daga farcena ba,
ina ta lissafin sule biyu.
An biya Ilu kuwa?